Yadda ɗalibi zai kare kansa daga cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa

Wannan rubutun na ƙannena ne 'yan makaranta da ke nan Zariya, ko kana ABU Samaru ko Kongo, ko tsohuwar FCE, ko Nuhu Bamalli. Aikina kenan gwaji da ba da shawara, na daɗe ina zama da ɗalibai a kan maganar nan, maza da mata, masu aure da marasa aure. Zan yi magana a fili dan Allah a yi haƙuri da ni, don magani yana nan wani ma kyauta ake ba da shi, amma kunya tana sa yaro ya zauna da ciwo wata da watanni yana yawo tsakanin kemis da mai maganin gargajiya har abin ya yi masa illar da ba ta gyaruwa, kuma wallahi abin yana ci min rai.

Kayan da za ka tanada

Na farko katin asibitin makaranta. Da yawanku kun biya kuɗin TISHIP, wato inshorar lafiyar ɗalibai, cikin kuɗin rajista amma har ku gama ba ku taɓa zuwa kun buɗe fayil ba, toh ka je ka buɗe tun kana da lafiya, ranar da ka matsu ba ranar bin layin kati bace. Sai kilifar aski taka ta kanka, reza, abin yankan farce da buroshi, kowanne naka kai kaɗai. Idan ka je gida hutu ka tambayi Umma ko katin riga-kafinka na yarinta yana nan, zai yi amfani a mataki na 3. Ka kuma ware waje a wayarka inda za ka dinga rubuta ranar da ka yi gwaji da ranar allura ta gaba, don mantuwa ce take ɓata wa mutane riga-kafi. Kwaroron roba yana cikin kayan ga wanda maganarsa ta shafa, zan zo kansa. Sannan ka samu mutum ɗaya mai hankali da riƙon sirri wanda za ka iya kira ko da tsakar dare, yaya ne ko anti ko wani ma'aikacin lafiya.

1. Ka san abin da kake gudu

Ba sai ka zama likita ba. Akwai waɗanda ake warkewa tas in an sha maganin da ya dace: ciwon sanyi, tunjere, da wata mai suna kilamidiya wadda ta fi kowacce iya ɓuya. Akwai kuma waɗanda ba a rabuwa da su sai dai a danne su da magani, kamar HIV mai kawo ƙanjamau, da hafis mai fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi a gaba, suna tafiya suna dawowa. Ciwon hanta nau'in B wani jikinsa yana korar ta, wani kuma ta zauna masa har ƙarshen rayuwa. Sai HPV, ita ce take kawo tsiro a gaba kuma ita ce silar kansar bakin mahaifa.

Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne yawancinsu ba sa nunawa. Mutum zai iya ɗaukar HIV shekaru yana ƙiba yana buga ƙwallo, mace za ta iya ɗaukar kilamidiya ko ciwon sanyi ba ta jin komai alhali yana can yana toshe mata hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sai bayan aure a fara neman haihuwa ana zargin kishiya ko aljanu. Saboda haka kyan fuska, tsafta, gidan da mutum ya fito, duk ba sa gaya maka komai. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da hanta B, ka ƙirga mutanen da ke cikin ɗakin lakcarku ka gani.

Ana ɗauka ta gaba, ta baki, da ta baya. Na faɗi haka ne don akwai masu ganin in dai budurci bai taɓu ba an tsira, alhali ta baya ma ta fi haɗari wajen HIV. Amma ba a ɗaukar HIV ko hanta B ta cin abinci tare, musabaha, zufa ko cizon sauro, kar ka ƙaurace wa abokin ɗakinka a banza.

2. Ka je a gwada ka

Ko ba ka taɓa kusantar kowa ba ka yi, don hanta B da yawa tun suna jarirai suka samo ta. Ka nemi abu uku: HIV, hanta B da tunjere. Ana yi a asibitin makaranta, ana yi a asibitin koyarwa na Shika, ana yi a Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. In kana jin nauyin haɗuwa da 'yan ajinku a asibitin makaranta toh ka hau mota ka tafi wani, ba wanda ya ce dole sai nan.

Bara in gaya maka yadda abin yake don tsoron ya ragu. Za a goge ɗan yatsanka da auduga, a ɗan soke shi, ɗigon jini ɗaya ake ɗorawa a kan wani ɗan siririn tsinke na takarda a ƙara masa ɗigon ruwan gwaji, sai ku zauna minti 15. Layi ɗaya ya fito babu, layi biyu kuma ba a yanke hukunci nan take, sai an sake da wani kalar abin gwajin daban. Mintunan nan 15 na ga ƙarti suna zufa a cikinsu ana tsakiyar hunturu, ba komai, kowa haka yake ji.

Kuskuren da aka fi yi: mutum ya yi abu ranar Asabar, Litinin ya zo gwaji, a ce babu, ya tafi yana murna. Irin wannan gwajin ba ya ganin sabon kamu, yana iya ɗaukar har wata 3 kafin ya nuna. Don haka in akwai abin da ya faru kwanan nan ka yi yanzu ka kuma sake bayan wata 3, ka rubuta ranar a waya.

In ka kasa zuwa asibiti sam, manyan kemis suna sayar da abin gwajin HIV na kai da kai, wanda ake gogawa a dasashi a jira minti 20. Ya fi zama cikin duhu, amma in ya nuna layi biyu dole ka je asibiti a tabbatar. In kuma ta tabbata akwai, maganin HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati, yawanci ƙwaya ɗaya a rana, wanda ya riƙe shi da kyau har ƙwayar cutar ta daina nunawa a jininsa ba ya sa wa matarsa, zai gama karatunsa ya yi aure ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Ina da irinsu da yawa da na sani.

Masu shirin aure kuma ku je tare, a gwada ku a gaban juna, kar ku yarda da takardar da wani ya kawo daga inda ba ku sani ba. Bazawara ko budurwa, saurayi ko mai mata uku, duk ɗaya.

3. Allurar riga-kafin hanta

Wannan shi ne matakin da ya fi sauƙi kuma shi aka fi watsarwa. In gwaji ya nuna ba ka da hanta B, allura 3 ce a dantse: yau, bayan wata 1, sai bayan wata 6 daga ta farko. Najeriya ta sa ta cikin riga-kafin yara a 2004, toh in bayan nan aka haife ka kuma katinka ya nuna an yi maka duka, ka nuna wa likita ya duba. In katin ya ɓata ko ba a tabbatar ba, a sake, ba ta da illa. Wanda ya yi ta farko da ta biyu sai yajin aiki ko hutu ya mayar da shi gida, ba sai ya faro daga farko ba, ya je ya karɓi wadda ta rage a duk inda yake. Ka dai tabbatar inda za a yi maka suna ajiye ta a firij. 'Yan medisin, nas da masu karatun lab, ku kam bai kamata ku fara shiga wodi ba sai kun yi ta.

In gwajin ya nuna kana da ita, allura ba ta da amfani a gare ka, likitan hanta za ka gani a ƙara bincike, ba kowa ake ɗora wa magani ba. Ka nisanci giya da jiƙe-jiƙen da ake cewa suna wanke hanta, wasunsu su suke ƙarasa ta. Ta HPV kuma tun Oktoban 2023 gwamnati take yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta, ku kun wuce shekarun amma ku tuna wa iyaye su kai ƙannenku, ke kuma in kina da hali ki tambayi likita ko za ki yi ta kuɗi.

4. Kowa da kayan kaifinsa

A hostel komai aro ake yi, bokiti, hita, cokali, wannan ba matsala. Amma reza, kilifa, buroshi, allurar huda kunne ko hanci, a'a. Ƙwayar hanta B tana iya yin kwana 7 a busasshen jini tana raye, kuma jinin ba sai ka gan shi da ido ba. Wannan ɗan wutar laita da mai aski yake wulgawa a bakin kilifa na daƙiƙa biyu kar ka dogara da ita. Ka je da taka. In ba ka da kuɗin kilifa yanzu, ka sa a goge gashin da ke bakinta da buroshi a jiƙa bakin cikin ruwan Hypo ko Jik, kashi 1 a kashi 9 na ruwa, minti 10, a busar a sa mai, sannan gyaran fuska a ɓare sabuwar reza a gabanka. Masu yankan farce da ke zagayawa da almakashi ɗaya suna yi wa kowa, ka haƙura da su ka yanke abinka. Haka wanzami in za a yi ƙaho.

5. Kame kai, da yadda ake iya shi

Ba wata kariya da ta kai wannan, kuma addininmu bai ce kar a yi zina kawai ba, cewa ya yi kar a kusance ta, 'yan uwanmu Kirista ma haka littafinsu ya hore su. Sai dai faɗa da baki yana da sauƙi, yaro ya baro gida karon farko ba mai tambayarsa ina za ka, ga ɗaki a Samaru ko Hayin Dogo shi kaɗai da makulli. Toh sai da dabara. Ka yanke wa kanka iyaka tun kafin ka shiga yanayin, don a cikin yanayin ba a tunani. Karatun dare ku yi shi a aji ko laburare inda mutane suke, banda ɗaki. Kodin, tiramol, giya da abin da ake zubawa a shisha, yawancin waɗanda suka zo min suna kuka da safe da ɗayansu labarin ya fara, masu yi wa kansu allura suna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya kuwa sun haɗa haɗari biyu.

Ƙanwata ke kuma, na san wani lokacin ba sha'awa bace, yunwa ce da kuɗin handawut da na haya, ga wani mai mota yana jira a bakin get. Mutumin da ya girme ki da shekara ashirin yana ba ki kuɗi ba za ki iya ce masa ya je gwaji ba, kuma ba ke kaɗai yake bi ba. Gara ki kira gida ki faɗi gaskiyar halin da kike ciki, ko ki kama 'yar sana'a a hostel, kitso, lalle, sayar da awara. In kuma wani ne yake matsa miki da maki, ki adana saƙonninsa ki kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai tare da wani babba naki, kar ki tafi ke kaɗai. Wajen fati kar ki sha abin da ba a gabanki aka buɗe ba.

6. Kwaroron roba

Na san akwai masu cewa kawo wannan maganar koya wa yara lalata ne. Ni dai ina ganin abin da ke zuwa gabana, kuma akwai ɗalibai ma'aurata da ɗayansu ke ɗauke da cuta, akwai kuma wanda duk nasihar duniya ya ji amma bai bari ba, wannan ban so ya ƙara da cutar da zai kai wa matar da zai aura gobe wadda ba ta ji ba ta gani ba.

Ka duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Ka matsa ledar da yatsa biyu, in ka ji 'yar iska a ciki kamar matashi lafiya lau, in ta lafe toh ta huje, jefar. Kar a ajiye a walat ko aljihun baya, zafin Zariya na watan Maris da Afrilu kaɗai ya isa ya gasa robar. A yaga ta gefe da hannu, banda haƙori ko almakashi. A sa tun kafin jiki ya taɓa jiki, ba sai an kusa gamawa ba. A matse ɗan kan don iska ta fita sannan a warware har ƙasa, in aka ga an kifa shi ta baibai a ɗauki sabo, kar a juya. Bayan an gama a riƙe gindinsa a fito tun gaba bai kwanta ba, a ƙulle a jefa a shara ko masai, banda bayin ruwa. Kowane zagaye sabo.

Guda biyu a haɗe ba ƙarin tsaro bane, gogar juna suke su fashe. Basilin, man shafawa, man kaɗe, man zaitun duk suna cinye roba, in ana buƙatar santsi a sayi na ruwa a kemis. In namiji ya ƙi sawa akwai na mata, in kuma babu ko ɗaya a kusa toh a fasa. Yana kare HIV, ciwon sanyi da kilamidiya sosai, amma hafis da tsiro yana ragewa ne kawai tunda suna iya zama a fatar da bai rufe ba.

Ga abubuwan da ba sa kare komai duk da ana ta yaɗa su: shan Ampiclox kafin ko bayan saduwa, ruwan gishiri, fitsari nan take, wanke ciki da lemon tsami ko alif ko Dettol, wannan ma ƙona fatar wajen yake ya buɗe wa cuta ƙofa. Zarewa kafin a kawo ba ya hanawa. Postinor da allurar tsarin iyali ciki suke hanawa banda cuta. Kaciya tana rage haɗarin HIV ga namiji amma ba ta hana shi.

7. In abu ya riga ya faru, awa 72 gare ka

Roba ta fashe, ko an yi ba kariya da wanda ba ka san matsayinsa ba, ko allurar mara lafiya ta soke ka a wodi, ko an yi fyaɗe. Akwai maganin da ake kira PEP, ana fara shi cikin awa 72 a sha kwana 28 ba fashi, yana hana HIV zama a jiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon aikinsa. Kar ka ce bari Litinin ta yi, ka tafi sashen gaggawa na babban asibiti ko da daddare ne ka ce PEP kake nema. Za a gwada ka tukuna, kuma kwanakin farko zai iya sa ka tashin zuciya ko kasala, kar ka ajiye shi saboda haka, ka koma ka faɗa musu. In awa 72 sun wuce duk da haka ka je, akwai sauran cututtukan da za a duba.

Wadda aka yi wa fyaɗe, ƙanwata ba laifinki bane ko a ina abin ya faru ko me kika sa. In za ki iya kar ki yi wanka kar ki wanke kayan, ki naɗe su a takarda banda leda, amma ko kin riga kin yi wankan ki je. Akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da aka buɗe don irin wannan, za a ba ki PEP da maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa a duba sauran. Maza ma ana yi musu, su ma su je.

8. In alama ta fito

Namiji: zafin fitsari, farin ruwa ko mugunya daga gaba har ta ɓata wando, kumburin maraina. Mace: ruwan da ya canja kala ko wari, ciwon mara, zafi wajen saduwa, jini ba lokacin al'ada ba. Kowa da kowa: ƙurji, tsiro ko miki a gaba ko baki. Na tunjere shi ya fi yaudara, miki ne guda ba zafi, ya yi 'yan makonni ya warke da kansa, mutum ya ce Alhamdulillahi, bayan wani lokaci ƙuraje su feso har tafin hannu da na ƙafa, su ma su ɓace, cutar kuma tana nan tana cin jiki, mai ciki ta sa wa ɗan da ke cikinta. Alhali allurar fenisilin ce maganinta.

Mata ku sani ba kowane ƙaiƙayi ko farin ruwa bane cutar saduwa, akwai wanda budurwar da ba ta san namiji ba ma tana yi, musamman bayan shan antibayotik ko yawan tsarki da sabulu mai ƙamshi, don haka ba abin kunya bane ki je a duba. Amma kuma ciwon sanyi na gaske ba a bayin hostel ake kwasarsa ba, duk ƙazantar bayin. Gwaji ne kaɗai zai raba miki su.

Wani yaro ya taɓa zazzage min leda a kan tebur, fankon katin magani kala-kala, wani ya sha ƙwaya huɗu ya bari wani shida, ga gorar jiƙo da ya saya wajen masu lasifika a bakin kasuwa, wata uku yana fama kuma ga maraina sun kumbura. Abin da haɗe-haɗen kemis yake yi kenan, ya kwantar da zafin ya bar ƙwayar, ita kuma ta saba da maganin, shi ya sa yanzu ciwon sanyi ya daina jin yawancin ƙwayoyin da aka saba sai an haɗa da allura. Ka je asibiti, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru da ranar da ya faru, ka tafi da fankon duk abin da ka sha. Ka shanye maganin duka ko ka ji sauƙi a kwana biyu, kuma ba saduwa sai an yi kwana 7 da gama magani.

Sai abin da ya fi wuya, dole wanda kuka yi tarayya shi ma a yi masa magani ko ba ya jin komai, in ba haka ba zai dawo maka da ita. Mai mata biyu duka biyun za a duba tare da shi. In bakinka ba zai iya faɗa ba, ka ce wa ma'aikacin lafiyar ya taimaka, muna da yadda muke kiran mutum mu yi masa bayani ba tare da tonon silili ba. In kuma an gama magani alamar ba ta tafi ba ka koma inda aka ba ka shi da katinka, kar ka canja sabon waje a faro daga farko.